Gaisuwar Yis

Ni ne wawan labarin nan, gara in faɗa da bakina kafin ƙanwata ta riga ni.

'Yar farina tana bincike a wata jami'a can Kudu. A kan me? Yis. E, wanda ake zuba wa ƙullin fanke. Ni da na tsaya a aji huɗu na haifi likitar fanke.

Ta ce mini abu ne mai rai, ido ba ya ganin ƙwayarsa. A cikinsa akwai furotin, wanda sai an ninke shi daidai yake aiki, kamar rigar da ta fito daga guga. In zafi ko guba ta matsa masa, ninkin ya cukurkuɗe, sai ya aika saƙo ga ƙwayoyin halittar da ya gada, a tashi wasu, a kwantar da wasu, a ƙaro masu ninki. Na ce ashe har dagaci gare shi.

A wajenmu uba ba ya kama sunan 'yar fari, balle ya ce yana kewarta. Da uwarta na da rai, ita ke hirar, ni ina gefe ina gyaran fartanya, kunnena na can. Da ta rasu, 'ya'yana maza kuma suka tare can birni a Bacirawa, wayar ta dawo hannuna ban san me ake cewa ba. Sai na kama yis. Duk Juma'a bayan masallaci: "Yaya masu jiki? Sun ninku?" Ta yi dariya, ta yi ta bayani, ni kuwa muryar nake saurare.

Bara, ana saura wata guda Babbar Sallah, ta ce, "Baba, ina ganin zan samu hutu."

Na ji daɗi ƙwarai. Amma abin da ya fito daga bakina shi ne, "Ki bar marasa lafiya wa zai duba su? Zauna abinki, mu nan lafiya lau."

Ta ce to.

Na ɗauka ta gane wasa ne. Na yaɓe ɗakin uwarta, na sauya tabarma, na ware zabi biyu ina ba su dawa. Jajibere na wuni a bakin titi ina leƙa motocin Ɗambatta. Ba ta zo ba.

Ranar Sallah ƙanwata ta kawo mini tuwo, ta tarar da ni ina kallon zabin. Na soma yi mata ƙorafin 'ya'yan zamani.

Ta dire kwanon, ta ce, "Yaya, shekara uku yis kake gaisarwa. Sai ka aika masa ya zo ya ci zabin."