Allin Yahuza da Makullin Siton Alhaji Badamasi

Da asuba, bayan an fito daga masallaci, Yahuza yana tsugune a barandar gidan da yake haya a Sabon Garin Gusau, yana zane da alli a kan siminti. Da'ira nan, da'ira can, kibiya ta tashi daga wannan ta soki waccan. Haka na same shi ranar da na fara zuwa duba masa inbatar wutar solarsa. Na yi sallama, ya amsa bai ɗago kai ba.

"Malam Jibo, bi ta gefe don Allah. Ka kusa take mini aikin jiya."

Ni haɗa wutar sola ce sana'ata. Na hau rufin gidaje daga Gusau har Tsafe, kuma na gaji da mutanen da bakinsu ya fi hannunsu aiki. In mutum ya ce mini ya iya, ba na musu, sai in tsaya in ga abin da zai yi. Shi Yahuza bai taɓa ce mini ya iya komai ba, shi ya sa muka shirya.

Ɗan 'Yandoto ne, ubansa manomi. Da ya gama karatun kwamfuta, dangin uwarsa sun so a sama masa kujera a sakatariya kamar sauran 'ya'yansu. Ya yi musu godiya, ya ƙi. Wani kamfani na ƙasar waje yake yi wa aiki daga ɗakinsa, shi ya sa wuta da intanet suka zame masa kamar garma ga manomi. Ya daɗe yana yawon neman gida kafin ya sami wannan, mai rufin da zai ɗauki farantan sola, kuma sabis ba ya yankewa. Matarsa Rufaida tana da tsohon ciki a lokacin, ga asibiti kusa.

Sau ɗaya na tambaye shi aikinsa, muna shan shayi. Ya ce akwai wata babbar manhaja da ke juya abin da masu shirya manhaja suka rubuta zuwa abin da na'ura take ganewa. A cikin kwamfuta akwai ma'ajiya mai ɗakuna barkatai, akwai kuma abin da suke kira manuni, wanda ba ya riƙe kaya, adireshin ɗakin kayan kawai yake riƙewa. Nasa aikin shi ne ya gano, tun kafin a kunna manhajar, wane manuni ne zai iya kaiwa wane ɗaki. Na'ura ce take fitar da zanen, da'ira dubbai. In ya ga wani wuri bai yi masa ba, sai ya yanko wannan yanki ya zana a ƙasa da hannunsa.

"Takarda ta yi mini kaɗan," in ji shi. "A ƙasa ina iya zagaya shi, in leƙo ta baya."

Ban gane duka ba. Na dai gane mutum ne da ba ya yarda da waya sai ya bi ta da hannu har ƙarshenta.

To, mai kawo musu ruwa a kura ya ga zanen nan da sassafe, ya ga mutum tsugune yana magana shi kaɗai. Kafin a jima unguwa ta ɗauka cewa akwai mai bugun ƙasa a gidan Alhaji Badamasi. Har wani bawan Allah ya taso tun daga Mada da kaza a hammata, wai a duba masa wanda ya ɗauke masa babur. Yahuza ya ba shi shayi, ya ce masa ya je wurin 'yan sanda, ya mayar masa da kazarsa. Mutumin ya tafi yana cewa malamin nan ba ƙaramin aiki yake karɓa ba.

Rufaida ta yi ta dariya. Alhaji Badamasi, mai gidan, bai yi ba. Dattijo ne da ya yi ritaya daga aikin gwamnati, sahun farko a masallaci, kuma ba ya wasa da sunansa. Ya kira ni a waya.

"Kai ka ɗora masa farantan nan?"

"Ni ne, Alhaji."

"To gobe ka zo da tsaninka ka sauke. Ba a yin duba a gidana."

Na ce ba duba ba ne. Ya ce shi ma yaron haka ya ce, kuma bai taɓa jin boka ya ce shi boka ne ba.

Washegari na zo da tsani, tunda mai gida ya ce. Alhaji ya tsaya a bakin baranda ya tattare rigarsa, kada ta taɓa allin. Ina jiran in ji Yahuza ya fara rantsuwa da dogon bayani. Sai ya ɗauko tsumma ya goge gefe guda, ya zana da'ira ɗaya.

"Baba, wannan sitonka ne na bayan gida, inda kake ajiye gero. Makullinsa nawa ne?"

"Mi ya haɗa ka da sitona?"

"Haƙuri za ka yi. In na gama sai Malam Jibo ya hau."

"Guda ne. Ga shi nan aljihuna."

Yahuza ya zana ƙaramar da'ira, ya ja kibiya zuwa babbar. "Wannan kai ne. Ka taɓa ba wani?"

Alhaji ya yi ɗan tunani. Ya ce ya ba Mannir direbansa lokacin da aka kwaso hatsi daga gonarsa ta Bungudu, amma ya dawo masa da shi.

"A kira Mannir ɗin, Baba. A tambaye shi ko ya yanka wani."

Aka kira, Alhaji ya buɗe muryar wayar. Mannir ya yi 'yan kame-kame, sannan ya ce eh, ya yanka ɗaya lokacin da Alhaji ya tafi Umara, don kada aiki ya tsaya. Yahuza ya ƙara da'ira da kibiya. Ina makullin yanzu? Yana wurin Ibrahim, shugaban masu dako, ya manta bai karɓa ba. Wata kibiyar. Shi kuma Ibrahim, in ji Mannir, yana rataye makullansa ne a ƙusa cikin rumfarsu, duk wanda aka aika sai ya ɗauka. Yahuza ya zana da'ira mai faɗi, ya ja mata tata kibiyar.

Alhaji ya saki rigar, ya matso har yana taka allin.

"Wato kana nufin Ibrahim na ɗibar mini gero?"

"Ban ce ba, Baba. Ban san ko an taɓa ɗibar ko tiya ɗaya ba. Na ce duk waɗannan za su iya buɗe ƙofar. Iyakar aikina ke nan, wa zai iya. Wanda ya yi kuwa, Allah ne masani." Ya nuna zanen da allin. "Akwai abin da na sa a nan wanda bai fito daga bakinka ko bakin Mannir ba?"

Alhaji ya bi kibiyoyin da ido, ɗaya bayan ɗaya. Ya daɗe.

"Babu," in ji shi.

"To haka nake yi wa kwamfuta. Abin da aka rubuta mata nake bi."

"Kuma a biya ka?"

"Ana ɗan taɓawa."

"Ikon Allah." Ya juyo gare ni. "Jibo, aje tsanin nan. Je ka kasuwa ka sawo mini kwaɗo mai kyau."

"Ni mai wuta ne, Alhaji."

"Yau mai kwaɗo ne kai. Kuma kai, Malam Yahuza, ka sa labule a barandar nan. Na gaji da tambaya a masallaci."

Farantan suna nan a rufin har yau. Rufaida ta haihu lafiya, mace, aka sa mata Aziza. Labulen ma an sa, ko da yake iska ta fi barinsa a buɗe.

Watan jiya na koma canza masa batir. Na tarar da shi a wurin da na saba ganinsa, gwiwar wandonsa fara fat. Ya ce akwai wata kibiya da na'ura ta dage tana nan, shi kuma ya bi ta ya ga ba ta da tushe. Rufaida ta leƙo ta ce koko zai huce. Ya ce yana zuwa. Ya lashi babban yatsansa, ya goge kibiyar, ya ja da baya ya dubi wurin, sannan ya ɗauki buta ya wanke hannu ya shiga ciki.