Ban Taɓa Sayen Kwali Ba

A shekarun da zan ba ku labarinsu, ni direba ne a wata ma'aikata a nan Kaduna. Ina zaune ni kaɗai a ɗakin haya a Kurmin Mashi, iyalina kuma suna gida, can ƙasar Katsina, tare da mahaifiyata. Mutum ne ni mai baki. Idan na zauna a majalisa, to rediyo ta samu hutu, har abokan aiki suna tsokanata wai ko a barci ba na yin shiru. Na fara da wannan ne don ku san abin da na rasa, domin yau rubutu ne kaɗai maganar da ta rage mini.

Ina shan taba, amma da za ka tambaye ni a lokacin, sai in rantse maka ni ba mashayi ba ne. Hujjata ita ce ban taɓa sayen kwali ba. A wurina mashayi shi ne wanda kwali ya yi tudu a aljihunsa, kowa yana gani. Ni kuwa magidanci ne, kara ɗaya nake saye. Akwai wani mai tebur, Bazamfare, a bakin layinmu kusa da mai shayi. Da safe in karɓi kara ɗaya, har ashanar ma tasa ce. Idan na kai maigidana ofis ina jira, in leƙa wani teburin. Da yamma kuma in dawo wurin mutumina. Ina gamawa in jefa kanumfari a baki, in shiga cikin mutane da mutuncina. Haka na yi ta yi tun ina saurayi har furfura ta fito mini.

Da aka fara buga hotunan cututtukan da taba take jawowa a jikin kwalayen, labarinsu kawai na ji. Mai teburin nan ya ce ciniki ya so ya yi sanyi, domin wasu da sun ga hoton sai ransu ya ɓaci. Sai ya samo gwangwanin madara ya wanke, duk kwalin da ya fasa ya juye tabar a ciki, kwalin kuma ya miƙa wa mai shayi ya hura wuta. Muka yi ta yaba masa dabara. Ni da bakina na ce masa ya kyauta, wa yake son ganin ƙazanta da sassafe? Rubutun gargaɗin kuwa, da Turanci aka yi shi, ni kuma Turancina na kan titi ne, bai wuce na gaisawa da 'yan sanda ba. Ashe da gargaɗin da aka buga domina ake dafa mini shayi.

Bari in gaya muku wani abu game da Inna, mahaifiyata. Ni ne ɗanta na fari, saboda haka tun da na buɗe ido ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Yaron nan, ko ɗan nan, shi ke nan. Ko zama muka yi, ba ta sakin fuska ta yi hira da ni, sai dai ta aiko wani ya gaya mini abu ina zaune a gabanta. Da tsufa ya zo, idanunta suka tafi, sai na ɗauki al'adar kiranta kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Matata ce take riƙe mata wayar a kunne. Ni nake zuba, daga labarin cunkoson Kawo zuwa tsadar masara, ita kuwa ba ta wuce to, madalla, Allah ya yi albarka. Amma matata ta ce tun da hantsi Inna take fara tambaya ko an sauko. Ba ta gani, ba ta karatu. Muryar nan ita ce kaɗai abin da take da shi nawa.

Kuma ita ce ta fara ji. Wata Juma'a, ina jin ta tana gaya wa matata a faɗa wa yaron nan muryarsa ba ta yi mata daɗi ba, ya nemi magani. Na yi dariya na ce sanyin damina ne. Na sha zuma, na sha citta da lemun tsami, na tsotsi alewar tari har haƙorana suka gaji. Damina ta wuce, dishewar tana nan. A majalisa aka koma yi mini ba'a wai batirin rediyo ya yi sanyi. Ina dariya tare da su, ina karɓar kara ɗaya daga gwangwani. Sai da haɗiyar tuwo ta zama aiki, numfashina ya fara fito kamar tsohuwar taya, sannan maigidana ya yi mini faɗa ya tura ni asibiti.

Likitan ya tambaye ni kwali nawa nake sha a rana. Da 'yar muryar da ta rage na ce masa, har da alfahari, ban taɓa sayen kwali ba. Bai yi dariya ba. Ya ce to mu bi ranar tawa daga asuba, tebur bayan tebur. Muna gamawa sai ya jawo aljihun teburinsa ya ɗauko wani kwali da babu komai a ciki, ya ajiye a tafin hannuna, ya ce, "Baba, kusan wannan kake shanyewa kullum." Na juya shi. Hoton wani bawan Allah ne da ciwo ya cinye masa baki. Wallahi ranar na fara riƙe kwalin taba na dube shi da kyau. Bayan gwaje-gwaje aka ce ciwon daji ne a maƙogwaro, kuma na yi jinkiri. Ko a cire wurin da murya take fitowa, ko in rasa raina.

An yi aikin, alhamdu lillahi, na rayu. Yanzu ta wata 'yar ƙofa a wuyana nake numfashi, ina rufe ta da ƙyalle. Tuƙi ya gagara. Ban koma gida ba saboda maganin da ake ci gaba da yi mini a nan. Da farko abokai suna zuwa, amma zama da wanda ba ya amsawa yana da nauyi, ban ga laifinsu ba. Wasu idan sun zo sai su riƙa ɗaga murya, kamar kunne aka cire mini. Na taɓa komawa majalisa sau ɗaya. Aka yi wata magana, amsarta tana bakina, mai daɗi, wadda da za ta sa kowa ya kwanta da dariya. Kafin in gama rubuta ta a waya an wuce zuwa wani zancen. Na goge, na tashi na koma ɗaki. Ban san akwai kaɗaici irin wannan ba.

An ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. Ni kunnena bai ji ba, idona bai gani ba, kuma har da hannuna a rufewar. Mai tebur neman abincinsa yake yi, ba zan ɗora masa ba. Amma ina roƙon masu tsara gargaɗin nan su zo bakin layi su ga yadda muke sayen taba. Talaka ba ya riƙe kwali. Idan hoton yana jikin kwali kaɗai, to mai shayi kuka buga wa. A sa ya zama dole a kafa shi a gaban kowane tebur, a rubuta da Hausa, da boko da ajami, in da hali ma a buga a jikin karan kansa. Kai kuma ɗan'uwana mai kara ɗaya, kada ka yaudari kanka yadda na yi. Kuma idan muryarka ta dishe ta ƙi dawowa, bar zuma ka tafi asibiti.

Na daɗe ban kira Inna ba bayan aikin. Me zan ce, da me kuma? Matata ta gaya mata gaskiya, amma duk Juma'a sai Inna ta tambaya ko an sauko. Rannan na daure na kira. Matata ta sa mata wayar, ba abin da take ji sai hucin numfashina. Can sai ta ce, "In kai ne, ƙwanƙwasa mini." Na sa farce na ƙwanƙwasa wayar. Sai matar nan da ba ta taɓa yi mini hira ba ta fara ba ni labarin akuyarta da ta haihu, da rijiyar da aka yashe, da wanda ya yi aure a unguwa, tana yi tana tsayawa in ƙwanƙwasa. Da za ta sallame ni, sai na ji ta kira sunana, cikakke, ta ce Allah ya ba ni lafiya. Tun ina yaro nake jiran wannan kiran. Na buɗe baki in ce na'am, babu abin da ya fito.