Kwanukan Abla Ihsan

A da, kullum da safe Abla Ihsan kan sauko daga jirgin tiram a nan Iskandariya, jakarta na ƙara kamar ta mai tallan kwano. Kwanukan ne kuwa, masu shigewa cikin juna. Da su ta tsufa tana koyar da Turanci a makarantar makafin unguwarmu.

Ni kifi nake sayarwa, Turancina bai wuce gaisuwa ba, amma na ga yadda ya wahalar da 'yata Tahani, wadda makauniya ce. Bature in ya kama "a cikin kaza, a kan kaza, a bayan kaza", sai ka rasa kan maganar. Masu gani a allo ake zana musu. Ita kuwa kafin yatsanta ya kai ƙarshen layi, farkon ya ɓace mata. Shugaban makaranta ya ce a ɗauke mata jarrabawar Turanci, wai tausayi. Ke nan sashen harsuna na jami'a, burinta tun tana ƙarama, ya wuce ta. Ta dawo gida ko abinci ta ƙi ci.

Abla Ihsan ta tako har rumfata. "Abu Tahani, wannan tausayin ya fi kifinka na shekaranjiya wari. Ku bar min ita."

Na taɓa leƙa ajin. Ta ɗora wa yarinyar ƙaramin kwano a hannu.

"Mabuɗi a aljihun riga a cikin akwati. Wannan ne mabuɗin. Ina zai zauna?"

"A aljihu, Abla."

"Saka shi. Aljihun fa, a titi zai kwana?"

Tahani ta yi dariya, ta lalubo na gaba. Haka suka yi ta yi, har ta zauna jarrabawar ta ci. Yau ita ce malamar ajin.

Abla, ke ce uwar da ba ta gajiya. Mun gode, Allah Ya saka miki. Duk malamin da zai sauke wa yaro kaya don tausayi, ya fara gwada koya masa ɗauka, kamar yadda kika yi.

Bana idanunki suka gaza, kika ajiye aiki. Ashe duk shekarun nan da ido kike karanta rubutun makafi. Jiya na tarar da ku a tsakar gidana, Tahani na riƙe da yatsanki a kan takarda. Ƙwalla ta cika min ido.

"A hankali, Abla," in ji ta. "Ba inda za ni sai kin iya."