Ranar da Na Kashe Kashi na Biyu

A shekara goma sha ɗaya da na yi ina kwandasta a Garwa, ranar da ta ƙi fita raina ita ce wata Alhamis cikin damina, shekara biyu da suka wuce. Ku sababbin ma'aikata na san an riga an ba ku labarina. An ce muku Idi ne wanda ya rasa babbar mota saboda ya tsani fim ɗin ban tsoro. Rabin maganar gaskiya ce, yau kuma za ku ji sauran rabin.

Ga wanda bai san aikinmu ba, kamfani yana da manyan motoci masu sanyi da ke bin hanyar Garwa zuwa Marwa, kowace da talabijin biyu a rataye. Duk ranar Litinin shef, wato shugaban tasha, yakan ba kowane kwandasta kle, wato ɗan abin nan da ake zuba finafinai a ciki, haɗe da tallar kamfani. Doka ita ce abin da ke kan kle shi za ka kunna, bi da bi. A hanya kuma akwai kontrola, wanda ke shigowa inda ya ga dama, ya ƙirga fasinja, ya duba tikiti, ya ɗaga kai ya ga abin da ke kan allo.

Shef ɗinmu na lokacin, Musye Hamadu, mayen fim ɗin ban tsoro ne. Akwai wani da ya shiga ransa, labarin wani matacce da ke tashi yana bin gidajen ƙauye yana buga ƙofa. Kashi na farko, ba zan yi ƙarya ba, ya yi kyau, ni ma sai da tsikar jikina ta tashi. Amma a ƙarshensa an ƙone mataccen nan ƙurmus a gaban idonmu. Sai ga kashi na biyu, ya dawo garau, ko tabon wuta babu, kuma ba wanda ya ga ya dace a yi mana bayani. Haka suke yi. Makon jiya ma na leƙa kashi na huɗu a wayar wani direba, har yanzu yana nan yana buga ƙofa, har yanzu kuma ana samun sakaran da zai je ya buɗe. Ni a ba ni fim ɗin barkwanci, wanda idan ya ƙare ya ƙare, kowa ya sauka yana share hawayen dariya.

A ranar mun tashi ƙarfe bakwai na safe, mota cike. Na kunna kashi na biyu kamar yadda aka tsara. Ba mu kai awa ɗaya ba sai wani mutum ya yafito ni. Su biyu ne a jere. Na jikin taga ƙaton mutum ne, hannayensa duk tsofaffin tabon wuƙa, kallo ɗaya za ka yi masa ka san mahauci ne. Ya dafe kujerar gaba da hannu biyu, zufa tana zuba a cikin motar da kowa ke jan mayafi. Duk lokacin da aka buga ƙofa a fim sai kafaɗarsa ta zabura.

Wanda ya kira ni ƙaninsa ne. Ya jawo kunnena kusa da bakinsa.

"Ɗan'uwa, don Allah ka taimaka. Mu daga Kolofata muke, can bakin iyaka. Haka 'yan bindiga suka buga wa yayana ƙofa, kuma ɗansa ne ya je ya buɗe. Daga asibiti ma muke yanzu." Ya riƙe hannuna. "Amma kada kowa ya sani. Mutum ne mai girma a kasuwa."

Ban tambaye shi komai ba. Duk wanda ke wannan yanki ya san abin da mutanen bakin iyaka suka gani. Na fara da rage sauti, samarin baya suka ɗauki ihu wai ba sa ji. Na sake duban mahaucin, na ga ya kusa fashewa da kuka a gaban mutum saba'in. Sai na je na zare kle ɗin shef, na sa nawa.

A kan nawa akwai wani fim na 'yan wasan garin nan, Fulatanci cakuɗe da Faransanci, maƙwabta biyu suna shari'a kan akuyar da ta cinye takardar sammaci. Hoton ba kyau, sautin kamar daga cikin tulu. Samarin suka yi ta zagi na ɗan lokaci. Da aka zo inda aka shigo da akuyar kotu ta ba da shaida, su suka fi kowa dariya. Mahaucin bai yi dariya ba, amma ya saki kujerar, ya karɓi ruwa daga hannun ƙaninsa ya sha.

A Figil kontrola ya shigo. Ya ɗaga kai, ya ga akuya.

"Idi, wannan yana kan kle?"

"Ba ya kai."

"Wa ya ce ka canza?"

"Ni na ce."

Washegari na tarar da takardar neman bayani tana jira na, wadda muke kira dimand. Ana ba ka kwana biyu ka amsa a rubuce. Kafin in rubuta, shef ya kira ni ofis, kuma tsakani da Allah, da sauƙi ya fara.

"Idi, kai tsohon ma'aikaci ne. Idan fasinja ne ya roƙe ka, ba ni lambar kujerarsa. Sunansa da wayarsa suna kan takardar tafiya. Mu kira shi, ya tabbatar, magana ta mutu."

Na san yadda ofishin nan yake. Sakatare zai kira a gaban kowa, ya sa wayar a sifika. Kafin azahar direbobi sun ji, kafin mako ya zagayo labari ya isa mayankar garinsu, cewa wane ya yi kuka a mota saboda fim. Mutumin da ya riga ya rasa ɗa, in sa kuma a yi ta nuna shi da baki?

Na ce, "Shef, ba wanda ya roƙe ni. Fim ɗin ne ba shi da kyau."

"Me ka ce?"

"An ƙone mataccen a kashi na farko, Shef. Ta ina ya dawo?"

Idonsa ya kaɗa. Ya ce in je in rubuta haƙuri layi biyu, ya rufe fayil. Na je na rubuta shafi biyu. Na bayyana cewa kashi na biyu kashi na farko ne aka sake masa riga. Na ce mai tsoratar da mutum da abu ɗaya sau biyu malalaci ne, mai sa mutum dariya shi ne ya yi gumi. Na ƙara da cewa akuyar ta fi mataccen iya wasa. Na sa hannu, na kai.

An dakatar da ni kwana takwas. Da na dawo, an cire ni daga babbar mota, an tura ni ƙaramar da ke bin hanyar Kaele, wadda ko rediyo mai aiki babu. Ina nan har yau, tare da buhunan gero da kajin fasinja. Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye muku ba. Shekara shida na yi ina jira kafin in hau babbar motar nan, kuma matata ta yi mako guda ba ta yi mini magana mai daɗi ba, don ita ma abin da ta sani shi ne na yi taurin kai a kan akuya. Sau biyu aka aiko mini cewa in rubuta haƙurin a mayar da ni. Na ce a gaishe da shef.

Mutanen nan biyu ban sake ganinsu ba. Da muka isa Marwa ƙanin ya dafa kafaɗata kawai suka wuce, ba su san abin da ya biyo baya ba, ba kuma na son su sani.

Abin da nake so ku ɗauka shi ne, mai tsara kle yana zaune a ofis, bai san wanda zai hau mota ba. Kai ne kake tsaye a tsakiyar layi, ka juya wa allo baya, kana fuskantar mutane, kuma a wannan hanya tamu ba kowa ne ke bukatar fim ya koya masa tsoro ba. Ku bi doka, ban ce kada ku bi ba. Amma idan fasinja ya raɗa maka abu a kunne, ya zama amana.

Ɗayanku ya tambaye ni ɗazu ko yanzu, da shef ya bar kamfani, zan iya faɗin lambar kujerar. Na tuna da ita sarai. Ba zan faɗa ba.