Filen Ɗin da Na Sayo a Kasuwar Tarauni

Har yau ranar da Baba Bitrus ya ɗaga wuƙar filen ɗina ya dube ta a hasken taga tana nan a idona. Ku da kuka zo kuka tarar da injina, kuke ganin filen na hannu kamar kayan gidan tarihi, ku matso ku ji. Da wannan ƙarfen da kuke yi wa dariya na samu aikin da zan ajiye ƙarshen shekarar nan.

A daminar 1999 ne, 'yan makonni bayan soja sun miƙa mulki ga farar hula. Lokacin sashen ayyuka na hukumarmu yana tsohon ginin Gyaɗi-Gyaɗi, ni kuma ina kafinta na wucin gadi. Ga wanda bai sani ba, ma'aikacin wucin gadi ba shi da takardar ɗauka, ba hutun shekara, ba fansho. Ranar da aka ce kada ka zo gobe, shi ke nan, ka tashi. Shekara bakwai ina haka, ga mata, ga 'ya'ya biyu, ga gidan haya a Unguwa Uku.

Sabon shugaban da aka kawo mana ya fitar da takarda cewa an daina aikin wucin gadi. Mu kafintoci uku ne a wannan matsayi, ni da Lawan da Isuhu, gurbin dindindin kuwa ɗaya tak. Za a yi mana gwajin sana'a nan da mako biyu, injiniya zai zo daga hedikwata, wanda ya ci a ba shi takarda, sauran biyun su nemi wani wuri. Sharuɗɗa biyu aka gindaya: ba a taɓa inji, kuma kowa ya zo da kayan aikinsa.

Zarto ina da shi, guduma da kurfi ma haka. Filen ne babu, wato abin da ake fere fuskar katako da shi har ta miƙe ta yi sumul. Gaskiyar magana, inji ya sangarta ni, na fi shekara biyar ban tura filen da hannuna ba.

Foman ɗinmu, wato shugaban kafintoci, shi ne Baba Bitrus, mutumin Filato, wanda ya daɗe a Kano har Hausarsa ta fi tawa daɗi. Ba shi da yawan magana, amma in ya yi maka tsiya ɗaya sai ka kwana uku kana jin ta. Na same shi na ce, "Baba, ko za ka ara mini naka zuwa ranar gwaji?"

Ya ce, "Habu, nawa hannuna ya sani. Je ka sayo naka ko wane iri ne, ka kawo mu gani."

Ranar Asabar na shiga kasuwar Tarauni, shagon wani Alhaji mai sayar da kusa da fenti da makullai. Iri biyu ne a wurinsa. Akwai tsohon na Ingila guda ɗaya da ya ajiye cikin gilashi kamar agogo, da na ji kuɗinsa ban ko sake kallon wajen ba. Sai kuma masu araha a kwali, an shafe su da baƙin mai, ƙotarsu roba. Na ɗauki ɗaya na jujjuya kamar na san abin da nake dubawa. Alhajin bai yaudare ni ba, ya ce, "Malam, ƙarfe dai ƙarfe ne, amma ka sani babu kaifi a kansa. Sai ka wasa."

To a nan na tafka shirmen da har yanzu in na tuna sai na rufe fuska. Ina fitowa na hango mai washi a kusa da rumfar mahauta, yana taka kekensa, dutse na juyawa, tartsatsi na tashi. Na ce ai ga sauƙi ya zo. Na kwance wuƙar na miƙa masa, na ce, "Malam, a wasa mini ita ta yi kaifi sosai." Bawan Allah bai tambaye ni ta mene ce ba, ni ma ban faɗa ba. Ya yi mata abin da ya saba yi wa wuƙaƙen mahauta, ya ci wannan gefe, ya juya ya ci wancan, har ya ɗan zagaye mata kusurwa don kyau. Na gwada a gashin hannuna, ta aske tas. Na tafi gida ina jin kamar an riga an ba ni takardar.

Litinin da safe na ɗaure wani farin katako a benci, na tura. Filen ya zame ya wuce, ko ƙura bai ɗauka ba. Na ƙara fito da wuƙar, na sake turawa da ƙarfi, sai ya cije ya ɓantaro wani yanki kamar ɓera ya gwaguya. Ina cikin gumi Baba Bitrus ya zo ya tsaya a kaina. Ya karɓa, ya zare wuƙar, ya ɗaga ta wajen taga, ya daɗe yana kallo.

"Habu, wa ya yi maka wannan aika-aikar?"

"Mai washi ne, Baba, na wajen mahauta."

"To madalla. Sa nawa za ka yanka ranar gwajin?"

Lawan da Isuhu suka fashe da dariya har Isuhu na riƙe benci. Ni kuwa wallahi hawaye ne suka cika mini ido, don na san ba ni da halin sayen wani. Baba ya lura. Ya kore su, ya jawo kujera ya zauna, ya yi mini bayani a hankali. Wuƙar filen gefe ɗaya ake wasa ta, bayanta dole ya zauna a miƙe shar, don shi ne ke haɗuwa da gangaren gefen da aka wasa ya ba da kaifin da ke shiga katako. Mai washi ya cinye bayan. Ya kuma nuna mini bakin da ya yi shuɗi, ya ce zafin dutse ne ya ƙona ƙarfen, wurin ya yi laushi, ba zai riƙe kaifi ba.

Na ce, "Ke nan ta mutu?"

Ya ce, "Ba ta mutu ba. Aikin minti biyar ya yi maka, kai kuma zai ci maka mako guda. Kana da mako gudan ko ba ka da shi?"

Daga ranar, kullum in an tashi aiki ƙarfe uku da rabi, ni da shi ba ma tashi. Ya ba ni dutsen washinsa mai fuska biyu da 'yar kwalbar kananzir. Da farko ya sa na tsayar da wuƙar a kan dutsen na goge bakin gaba ɗaya, kaifin nan da nake taƙama da shi na kashe shi da hannuna, har sai da shuɗin ya ɓace, cin da aka yi wa bayan ma ya ƙare. Kwana biyu wannan kaɗai ya ɗauka. Yatsuna suka yi kanta suka fashe, matata ta riƙa tambayata ko an mayar da ni sashen maƙera ne. Sannan na kwantar da bayan a dutse na goge har ya soma ɗaukar ido, na juya na fitar da sabon gangare. Baba ba ya taɓa mini. Yana gefe yana cin gyaɗa, sai dai ya ce, "Gwiwar hannunka na rawa," ko "Ka danne hagu ka bar dama."

Da wuƙa ta kammala na ɗauka an gama. Ashe saura gangar jikin. Ya aike ni sito na ɗauko wani gilashin tebur mai kauri da aka cire daga ofishin tsohon shugaba, muka manna masa samfefa, takardar nan mai yashi ta gugar katako. Ya sa na mayar da wuƙar na ɗaure, amma na janye ta ciki, ya ce in ka goge ƙasan filen a kwance ba kaya, da ka ɗaure zai sake lanƙwashewa. Ya zana layuka da alƙalamin maka a ƙasan filen ɗin, ya ce in goga. Bayan turawa kamar ashirin na juya, sai ga tawada ta goge a gaba da baya, amma daidai bakin da wuƙa ke leƙowa tana nan daram. Rami ne a wurin, wanda ido ba ya gani. Kwana biyu ina kai da komo a kan gilashin nan, ruwan sama na dukan kwano, hannuna baƙi ƙirin, kafin layin ƙarshe ya tafi.

Sai murfin wuƙa, ƙarfen da ke kwanciya a bayanta yana nannaɗe ɓawon katako. Baba ya haɗa shi da wuƙar ya ɗaga sama, haske na wucewa ta tsakani. Ya ce nan ɓawo zai riƙa maƙalewa ya toshe baki. Shi ma na goge leɓensa har ya zauna ba kafa. Ƙotar baya na girgiza, muka sa mata ɗan zoben ƙarfe muka ɗaure. A cikin kwanakin nan na kwance filen ɗin na mayar ya fi sau hamsin, har ya zama ko ina hira hannuna na yi da kansa. Ya koya mini saiti: ka juya shi, ka kalli ƙasan daga gaba, ka murza har wuƙa ta leƙo kamar silin gashi, ka daidaita ta kada gefe ya fi gefe.

Ranar Juma'a, saura kwana uku, na tura shi a kan jan katako. Ƙarar ma daban ce, wani siririn "shiii". Ɓawo ya fito dogo tun daga wannan kai har wancan, ya nannaɗe, siriri har kana ganin yatsanka ta cikinsa. Na juya ina jiran yabo. Baba ya shafa katakon da tafin hannu ya ce, "To, yau ka fara kafinta." Iyakar abin da na samu ke nan, kuma ya ishe ni.

Ranar gwaji injiniya ya iso ƙarfe tara, dattijo ne siriri mai tabarau. Lawan da Isuhu kowa ya aro na Ingila a wajen 'yan'uwa, suna sheƙi a kan benci. Nawa mai ƙotar roba yana gefe, sai na ji kunya ta kama ni. Injiniya ya bi benci ɗaya bayan ɗaya ya kwance kowane filen ɗai-ɗai, wuƙa nan, murfi nan, sukurori nan. Sannan ya ba kowa katako biyu, ya ce, "Ku haɗa kayanku. Ku fere gefen katakon nan biyu su haɗu, in na ɗaga kada in ga haske. Awa ɗaya."

Kafin ya gama goge tabarau na haɗa nawa na saita. Isuhu ya kifa wuƙarsa ta baya, sai da ya sake kwancewa. Lawan fa kafinta ne na gaske, a gwanintar hannu ya fi ni, wannan ko a gabansa zan faɗa. Amma wanda ya ara masa ya ba shi ne a saitacce, bai taɓa buɗe cikinsa ba. Ya ɗaure murfin nesa da baki, katakon kuma mai murɗaɗɗen jiki ne, ya riƙa tsagewa. Ina jin yana tsaki a bayana, raina bai yi daɗi ba, amma ban ɗaga kai ba.

Da lokaci ya cika injiniya ya ɗora katakona ɗaya a kan ɗaya, ya ɗaga su wajen ƙofa, ya bi layin da ido daga farko har ƙarshe. Ya ajiye. Ya ɗauki filen ɗina, ya juya ƙasansa, ya tura sau ɗaya da kansa.

"A haka ka saye shi?"

"A'a, ranka ya daɗe. Gyara shi na yi."

Ya rubuta wani abu a takardarsa ya wuce.

Bayan mako uku aka kira ni ofishin ma'aikata aka ba ni takardar ɗauka. Na tsaya a baranda ina karantawa. A sakin layi na biyu aka rubuta cewa an ɗauke ni ne don cike gurbin da zai samu a sashen kafintoci sakamakon ritayar foman. Na karanta sau uku. Adadin kafintocin dindindin a sashen ƙayyadadde ne, ba a ƙara ko ɗaya ba. Gurbin nan guda da muka yi mako biyu muna kokawa a kansa, na Baba Bitrus ne. Sabon tsari ya ce duk wanda shekarunsa na aiki suka cika ya tafi, kuma an ba shi tasa takardar tun kafin a fitar da tamu.

Na same shi yana share bencinsa. Na ce, "Baba, ashe ka sani?"

"Na sani."

"Haba Baba! Me ya sa ba ka faɗa mini ba?"

"Don na san ka. Da na faɗa maka, kunya za ta sa ka ƙi zama a gabana kana wasa wuƙar da za ka gaje ni da ita. Tafiya dai zan yi, Habu, ko da kai ko ba kai. Abin da ya rage mini kawai shi ne in ga wanda zan bar wa bencin nan ya san abin da ke hannunsa."

Na durƙusa a cikin ɓawon katako na yi kuka, ni da 'ya'yana biyu a gida, shi kuma yana cewa in tashi kada Isuhu ya gani ya samu abin faɗa.

Ƙarshen watan Baba ya kwashe kayansa ya koma gida Filato. Abin da na ɗauka daga wannan al'amari ba shi da yawa. Kayan aiki mai araha ba ya hana ka sana'a, muddin za ka zauna ka san cikinsa. Kuma a wannan aiki namu, wanda ya koya maka yakan san cewa wurinsa yake gyara maka, ya kuma koya maka ɗin. Shi ya sa watan jiya, da takardar ritayata ta iso, ban gaya wa kowa a cikinku ba sai da na ga kowannenku ya iya kwance filen ya mayar.