Jif ɗin da Aka Ce Ta Tafi Gyara

Shekaru sun ja, gashina ya yi fari, amma ranar da na je duba wata jif a Kwanar Dangora ba za ta taɓa fita daga raina ba. A farkon shekarun casa'in ne, lokacin ina sarin masara a ƙauyukan Tudun Wada da Doguwa. Da damina ta kankama sai hanyoyin wajen Riruwai su zama taɓo, ni kuwa na gaji da kafewar tsohuwar akori-kurata. Na daɗe ina neman mota mai ƙarfi wadda ƙafafunta huɗu ke ja.

Wata rana wani dillali ya same ni a kasuwa, ya ce akwai jif ta manyan mutane, mai kujerun fata da na'urar sanyi, kuma mai ita yana son rabuwa da ita da gaggawa. Da ya faɗi kuɗin sai na ce ya maimaita. Da ƙyar ya kai rabin yadda ake sayar da irinta a Kano. Tun a nan na fara zargi, amma ba zan ɓoye muku ba, kwaɗayi ya fi ƙarfina.

Washegari na ɗauki bakanikena, wani dattijo marar yawan magana da nake kira Baba, muka tafi. Mun sami motar a bayan wani gidan mai, ƙarƙashin mangwaro, fara fat. Wanda ke tsaye a jikinta mutum ne da bai wuce shekara talatin da biyar ba, cikin shadda mai sitaci. Ya gaishe mu da ladabi, sai dai idonsa na kan titi, duk motar da ta rage gudu sai ya waiwaya.

Baba ya buɗe bonet, ya zaro ma'aunin baƙin mai, ya murza a yatsa ya shinshina. Ya shimfiɗa buhu ya shige ƙarƙashinta. Ya fito ya bi jikinta yana ƙwanƙwasawa, ko an taɓa cike wani wuri an rufe da fenti. Ya gwada lambar inji da ta takarda, suka zo daidai. Sannan ya ja ni gefe.

"Malam, wannan motar ba ta da ciwo ko ɗaya," in ji shi. "Abin da ya dame ni ke nan."

Na karɓi takardun na duba da kaina. Sunan da ke jiki na wani Alhaji ne a Kiru, ba sunan da mutumin ya gaya mana ba. Na tambaye shi, ya ce ai yayansa ne, ya koma Legas da zama, shi ya ce a sayar. Na ce ko akwai ɗan rubutun izini? Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya ce, "Haba Yallaɓai, tsakanin wa da ƙani har sai an yi takarda?"

Muka shiga don gwaji, Baba na tuƙi. Da muka zo mararraba Baba ya karya kan motar zuwa Kiru, sai mutumin ya yi wuf ya ce mu bi ta Tudun Wada, waccan hanyar ta lalace. Na kalli Baba, Baba ya kalle ni. Motar da aka ƙera don daji, ita ake tsoron ramuka su ji wa ciwo?

Ba mu yi nisa ba muka tsaya a gefen hanya don Baba ya saurari inji. Sai ga wani dattijon Bafulatani ya jingine kekensa ya taho da sauri yana murna.

"Ashe Alhaji ya miƙe? Alhamdu lillahi!"

Ya leƙa ta taga, bai ga wanda yake nema ba. Ya ce shanun Alhaji na hannunsa, tun da ciwon ya kwantar da shi bai sake ganin motar a hanya ba. Mutuminmu ya ce, "Yana samun sauƙi, Baffa," ya matsa mana mu tafi. A cikin motar sanyi ke busawa, amma gumi na zuba a wuyansa.

Na ce, "Ba ka ce yana Legas ba?"

"Asibitin Legas nake nufi."

Na ce to, sai gobe zan kawo kuɗi. Nan take ya ƙara yi mini ragi, in dai zan biya a ranar. Wannan ragin shi ya ƙarasa kashe mini jiki.

Bayan azahar ni da Baba muka hau babur zuwa Kiru. Sunan da ke takardar sananne ne, ba mu sha wahalar samun gidan ba. A zaure muka tarar da Alhajin kwance kan katifa, ɓarin jikinsa ya shanye, bakinsa ya karkace, ba ya iya magana. Yayansa, wani tsoho mai carbi, na zaune kusa da shi. Bayan gaisuwa na tambayi labarin motar.

"Tana Kano wajen gyara," in ji tsohon. "Ɗan ƙanwarmu ne ya kai ta. Shi ke tuƙa Alhaji, a gidan nan ya tashi."

Na faɗa musu abin da na gani. Har yau ina nadamar faɗar maganar a gaban marar lafiya, da na sani na ja tsohon waje. Alhaji yana son magana ta ƙi fita, sai hawaye ke gangarowa cikin kunnensa. Tsohon ya ce, "Gobe tare za mu je."

Da safe na isa gidan man kamar mai kawo kuɗi, tsohon da mai unguwarsu na biye da ni. Da mutumin ya hango kawunsa, sai ya zauna a ƙasa da shaddarsa. Na zaci za a yi hayaniya ko a kira 'yan sanda. Amma sai tsohon ya miƙa masa hannu kawai.

"Kawo makullin. Wanda ya goya ka yana kwance, kai kuma ga abin da ka fito yi."

Dillalin kuwa tuni ya sulale, ban sake ganinsa a kasuwarmu ba.

Na cire rai da motar. Bayan mako biyu sai tsohon ya aiko a kira ni. Ya ce jinya na cin kuɗi, motar kuma tana ajiye, in har yanzu ina so, sun fi son ta faɗa hannuna. A zauren nan aka yi cinikin, gaban mai unguwa da shaidu. Sau uku aka tambayi Alhaji ko ya yarda, sau uku yana gyaɗa kai, sannan ya dangwala yatsa a takarda. Kusan ninki biyu na kuɗin farko na biya, sai da na sayar da akori-kurata da masarar da na ɓoye don bazara. Ban taɓa jin zafin kuɗin ba. Shekara goma sha ɗaya na yi ina hawanta, ina wuce shingen 'yan sanda hankalina kwance.

Da na biya a ranar farko, da na hau dukiyar marar lafiya ina taƙama, kuma wataƙila da a kurkuku na ƙare. Tun daga lokacin, duk abin da zan saya, ko akuya ce, kafin in tambayi lafiyarsa sai na san na wane ne, kuma sai na ji daga bakin mai shi cewa ya yarda.