Wuyan Kwalbar Baba Abdulgani

Baba Abdulgani ba ya lissafi a takarda. Tsugunawa yake yi ya zana a ƙasa da tsinke, idan ya gama sai ya share da ƙafa kafin wani ya leƙo. Ina aji huɗu a makarantarmu ta Gwandu na fara lura da haka ta taga, kuma ban taɓa tambayarsa dalili ba. Daga baya na gane: a littafin ofishin ilimi sunansa lebura, lebura kuwa ba a son ganinsa da lissafi.

Kullum da hantsi yakan shigo da kekensa, batirin mota ɗaure a baya da igiyar rama. Aikinsa shi ne rediyon makarantu, wanda ake kunna mana mu ji darasi. Ƙananan batura ba sa kwana goma, ofis kuma ba ya aiko da wasu sai an manta. Don haka ya nemo tsofaffin baturan mota, ya shirya da Umaru direba mai zuwa Kalgo: a ɗora mataccen batir a motarsa, ya je ya dawo da shi a cike. Da wannan dabara rediyo bai yi shiru ba a Gwandu da Malisa da Dodoru, shekara goma sha tara.

Sai dai akwai gargada. Rediyon batir shida yake ci, wato bolt tara. Batirin mota bolt goma sha biyu ne. A soja, can ƙasar Bama lokacin yaƙin duniya, Baba ya koyi aikin wayar sadarwa, ya san ukun nan da suka yi rara su ne ajalin rediyo. Sai ya ware wayar tsohon dutsen guga, ya auna ta da taƙi, ya naɗe a wuyan fasasshiyar kwalba, ya sa ta tsakanin batir da rediyo, ta shanye rarar. Ya ƙara silin waya siriri guda, wanda zai tsinke idan wuta ta yi yawa.

Malam Sambo, hedimastanmu, ya taɓa zolayarsa: “Baba Gani, wanga tarkace naka ko boka ba ya aje shi ɗaki.”

Ya ce, “Malam, in an yi ma jariri tuwon babba, a rage mai loma. Wagga waya ita ka rage loma.”

Inna Delu mai ƙosai a bakin makaranta shaida ce: ranar da ruwa ya cinye hanyar Dodoru, a ka ya ɗauki batir ya ratsa, don kada ’yan aji bakwai su rasa darasi ana gab da jarrabawa. Har yau akwai tabon ruwan batir a wuyansa.

Baba, kai ne rijiyar gefen hanya, a sha a wuce. Kai ne ka sa na fara jin kalmar kimiyya daga bakin rediyo, har ta kai ni jami’a a Zariya. Cikin waɗanda suka zauna gaban rediyonka akwai malamai yanzu, akwai akawu, akwai mai mota tasa. Ban ji wanda ya ambaci sunanka ba.

Bara, da aka cika makarantu da yara, aka aiko da sabon rediyo babba. Ina gida hutu, Malam Sambo ya gayyace ni bikin kunna shi. Baba ya kwana biyu yana zane a ƙasa, ya naɗa sabuwar waya daidai cin sabon rediyon. Wani jami’i matashi ya zo daga ofis, da takalmi mai sheƙi. Yana ganin wuyan kwalbar sai ya yamutsa fuska.

“Wane ne ya rataya wannan shara a kayan gwamnati?”

Baba ya rusuna. “Ranka ya daɗe, kar a cire ta. Batirin ya fi ƙarfinai.”

“Kai lebura ne ko injiniya?”

Aka yi dariya, har da manya. Jami’in ya fizge wayar tare da siririn silin, ya jefar ta taga, ya haɗa batir kai tsaye. Rediyo ya yi magana kamar minti biyu da ƙarfin da ba mu taɓa ji ba, aka yi tafi. Sai wari, sai hayaƙi.

Ina tsaye a wurin, shekarata uku ina karanta ilimin lantarki. Na san abin da ya faru sarai. Na dubi manya, na dubi ƙasa, na ja mayafina. Rahoton da aka rubuta ya ce lebura ya yi wa rediyo karambani. Saura wata takwas ya yi ritaya da mutuncinsa, aka ba shi takardar kora. Jami’in kuwa, na ji an ƙara masa girma.

Da aka watse na tsinci wuyan kwalbar a bayan aji, na tafi da shi Zariya. Lissafin littafi ya ce rarar bolt uku, ga irin cin wannan rediyo, tana bukatar waya mai om goma, wato ma’aunin yadda waya ke tare wuta. Na ɗora a mita. Allura ta tsaya a kan goma. Da taƙi ya auna, ba shi da mita.

Na rubuta wa ofis sau biyu, ba amsa. Shi ya sa na kawo maganar gabanku, masu karatu. Baba, mun gode, ko da godiyar ta zo bayan an sha ruwa an fasa tulu. Masu gyara na gobe, ku yi koyi da shi: ku san abin da na’ura ke ci kafin ku ba ta. Masu takardu kuma, idan tsoho ya ce kar a cire, ku tambaye shi dalili. Wanda ya san gaskiya ya faɗe ta a ranar, kada ya yi irin tawa.

Makon jiya na same shi a kasuwar Kalgo, ya shimfiɗa buhu yana gyaran tocila. Na durƙusa na gaishe shi, na miƙa masa wuyan kwalbar.

“Ɗiyata, mi na wanga?”

“Baba, na auna wayarka a jami’a. Goma ce cif. Kai ne da gaskiya.”

Ya juya ta a hannunsa, ya daɗe yana dubawa.

“Ran nan kina nan, ko?”

“Ina nan, Baba.”

Ya gyaɗa kai. Ya ajiye ta a gabana a hankali, ya naɗe buhunsa, ya share zanen da ke gefensa da ƙafa, ya tura kekensa ya bi ta cikin masu kifi.